Na je jego Kanada, na tarar da masu shayarwa a cikin teku

Shekara 31 na yi ina karɓar haihuwa a Damagaram kafin in aje aiki, kuma haihuwar ce dai ta fitar da ni ƙasar waje a karo na biyu bayan Hajji. Autata tana aure a birnin Kebek na ƙasar Kanada. Da cikinta na uku ya tsufa, mijinta ya dage sai na je na zauna da ita. Neman biza ya ci watanni, har hoton yatsuna goma aka ɗauka, sannan aka ce in zo in karɓi fasfo.

Na bar unguwarmu ta Birni da asubar fari a farkon watan Yuli, yayyafi na sauka. Wanda ya san hanyar Yamai ya san ta: kusan kilomita 900 a cikin kar, Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. A kowace bariya a tsaya, jandarma ya karɓi kart ɗin kowa, a sauka a tsallaka da ƙafa, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya. A Ƙonni muka haɗa Azahar da La'asar, na ci dambun zogale na dala ɗari. Mun shiga Yamai bayan Isha'i, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Kwana biyu na huta a gidan ƙanena, daga nan jirgi zuwa Kazablanka, wani jirgin kuma ya tsallaka teku da mu zuwa Monreyal.

A filin jirgin aka tambaye ni ko ina ɗauke da abinci, na faɗi gaskiya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da kanwar kunu duk suka wuce bayan an shinshina an jujjuya. Kilishin da na sa aka yi wa surukina musamman kuwa, wata ma'aikaciya ta ɗauke shi da safar hannu, ta ce doka ba ta yarda nama ya shigo ba. Ta ba ni haƙuri har sau biyu. Ya yi mini ciwo, don kilishin jika 15 ne, amma duk mai shirin zuwa ya ji daga bakina: kada ya wahalar da kansa da nama.

An sauka lafiya, namiji, kilo 3 da gram 400. Kwanakin jego ba su da wani labari sai kunun kanwa, gashin cibi da rashin barci, ga rana da ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura, ga alƙibla da ta koma arewa maso gabas. Da muka yi arba'in a ƙarshen Agusta, surukina ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce, "Hajiya, kin sha ɗawainiya. Muna so mu kai ki Tadusak ki ga balen."

Balen shi ne sunan da masu Faransanci ke kiran waɗannan manyan halittun teku da muke ce wa kifi, irin wanda ke zuwa a ranmu idan aka ambaci Annabi Yunusa, alaihissalam. Na ce a bar kuɗin a yi wa yaro wani abu da su. Babbar jikata, kishiyata mai shekara 12, ita ta karya ni. Ta ce, "Kaka, ba kifi ba ne fa. Haihuwa suke yi, kuma suna ba da nono." Na ce to a shirya.

Daga Kebek zuwa Tadusak kilomita 200 ne da ɗoriya a kan hanya mai lamba 138, wajen awa uku. Tun ba mu yi nisa da gari ba na ga ruwa na zubowa daga kan dutse, tsawon mita 83, ana ce masa Monmoransi, dare da rana ba ya tsayawa. Ni da na tashi a garin da ake kwana a layin famfo, garin da mace ke sanin ɗan garuwa da sunansa da na ubansa, na kasa ɗauke ido har sai da mota ta sha kwana. A hannun dama kuma kogin San-Loran yana ta faɗi, tun ina ganin ƙauyukan tsallake har suka zama wani shuɗin layi. Hanyar hawa da gangara ce tsantsa, kunnuwa na toshewa. Abin da ya fi ba ni mamaki, awa uku ba wanda ya tsayar da mu ya ce ina kart.

Hanya ta ƙare a bakin wani ruwa baƙi wuluk tsakanin duwatsu biyu, kogin Sagene ke nan, a daidai inda yake zuba cikin San-Loran. Babu gada. Jirgin fito ne ke kwashe motoci har da manyan kamiyo, minti goma a tsallaka, kuma kyauta ne, don ana lissafa shi cikin hanyar gwamnati. Mun yi kusan rabin awa a layi. Muna tsakiyar ruwa mutane suka yi gefe guda suna nuni. Can nesa na hango wasu farare suna fitowa suna nutsewa, kamar an jefa ƙwarya sabuwar fafewa tana juyi a ruwa. Jikata ta riƙe hannuna, "Kaka, beluga!" Beluga wani irin farin balen ne. Kusa da ɗaya daga cikin fararen akwai wani ƙarami mai launin toka, manne da gefenta, in ta fito ya fito, in ta nutse ya nutse. Ba sai an gaya mini ba. Na san uwa da ɗa a duk inda na gan su.

Tadusak ƙauye ne, mazaunansa na dindindin wajen 800, ba su kai mutanen layi uku na Zango ba. Amma tsoho ne, tun shekarar 1600 Faransawa suka kafa wurin cinikin fatu a nan, kuma kafin su ƴan asalin ƙasar da ake kira Innu suna taruwa a wurin. An ce sunan garin ma daga harshensu ya fito, yana nufin nonuwa, saboda wasu tuddai biyu masu zagaye da ke kusa. Duwatsun bakin ruwan sulɓi gare su kamar na Birni, har akwai tudun yashi a gabashin gari wanda ya tuna mini hanyar Gure, sai dai shi ƙafarsa a cikin teku take. Mun kama ɗakuna biyu a wani ƙaramin masauki, kowanne kusan dalar Kanada 180 a dare. Ba dalarmu ta tamma biyar ba: ɗaki ɗaya ya haura jika 70. Kuma a ƙasar nan farashin da aka rubuta ba shi za ka biya ba, sai an ɗora haraji kusan kashi 15 cikin ɗari. Abinci mun zo da namu a kula, shinkafa da miyar kaza ta halal, sai kifi da soyayyen dankali da muka saya sau ɗaya.

Da safe muka fara shiga wani gidan nuni da masu binciken waɗannan halittu ke kula da shi. Daga shiga sai ga ƙasusuwa rataye a sama, akwai na wani mai tsawon mita 13. Na tsaya ƙarƙashin haƙarƙarinsa, sai hadisin da muka karanta a makarantar dare ya faɗo mini, na rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida da yunwa ta kama a bakin teku, teku ya jefo musu dabbar da ake kira anbar, suka yi kwana da kwanaki suna ci, har aka kafa haƙarƙarinta mahayi ya wuce ta ƙasa. Da ina jin hadisin ina gaskatawa. Ranar na ga girman ƙashin da idona.

Wata matashiya mai aiki a wurin ta ji jikata na fassara mini wani allo, na ce mata ina jin Faransanci, aikina karɓar haihuwa. Nan hira ta ɓarke, muka manta da sauran jama'a. Ta nuna mini ƙashin hannun balen, ga yatsu a jere kamar na mutum, an lulluɓe su da fata sun zama filafili. Ta ce galibinsu ta wutsiya ake haifarsu, kai ne ke fitowa ƙarshe, don kada jariri ya shaƙi ruwa tun bai gama fitowa ba, daga nan uwa ta tallafe shi zuwa sama ya ja numfashin farko. Na riƙe baki. A wurinmu idan ɗa ya zo ta ƙafa ko ta zaune, gaban ungozoma faɗuwa yake, sau nawa na tura mace babban asibiti cikin dare saboda haka. A nan kuwa ita ce haihuwar lafiya. Beluga na ɗaukar ciki wajen wata 14, ta shayar har kusan shekara biyu, daidai da yayenmu. Shuɗin balen, wanda ya fi kowace dabba girma a duniya, jaririnsa kan zo da tsawon mita 7, nonon uwar kuma kauri gare shi, fiye da kashi ɗaya cikin uku mai ne, shi ya sa ɗan ke ƙara kusan kilo 90 a kowace rana.

Sai ta zo kan abin da ya tsaya mini a rai har yau. Beluga na wannan kogin ba sa ƙaura, nan suke rani da damina, kuma suna cikin haɗarin ƙarewa. A shekarun 1930 gwamnatin Kebek har ladan dalar Kanada 15 take biya kan kowace wutsiya, wai su ke cinye wa masunta kifi, ba a hana farautarsu ba sai 1979. Tun farkon shekarun 1980 ake ɗaukar gawar da ruwa ya turo gaɓa a kai wa likitocin dabbobi su buɗe su ga abin da ya kashe ta. Da can ana yawan samun ciwon daji, saboda gubar masana'antu. Daga wajen 2010 kuwa abin da ya ƙaru shi ne gawar jarirai sabbin haihuwa, da ta uwayen da suka mutu a kan naƙuda ko jim kaɗan bayanta. Ta ce uwa da ɗa da murya suke neman juna a cikin ruwan da ba a gani, ƙarar injin jirgi na iya raba su. Saboda haka akwai wani lungun ruwa a cikin Sagene, Sant-Margarit, inda masu goyo ke taruwa, an hana jirage shigarsa daga 21 ga Yuni zuwa 21 ga Satumba. Ɗakin jego ke nan, an ja labule. Na tuna rajistar da muke cikewa duk lokacin da muka rasa uwa, da zaman da ake yi a bi diddigin inda aka makara. Ban ji haushin ana yi wa dabba haka ba. Na dai yi fatan kowace mace ta ƙauyukan Mirya da Tanut ta samu wanda zai bi kadin mutuwarta da irin wannan naci.

Bayan Azahar muka shiga jirgin kallo, ni da surukina da jikata, maijego da angona suka zauna a masauki. Iri biyu ne: akwai ƙananan kwale-kwalen roba masu gudu, inda ake sa wa mutum wata jar riga mai kauri daga wuya har idon sawu, akwai kuma babban jirgi mai hawa uku da rumfa da makewayi. Saboda gwiwoyina muka ɗauki babban, kusan dalar Kanada 100 kowane babba, awa uku. A gaɓa rana ce ƙwal, amma muna fita sarari wani sanyi ya bugo wanda hunturun Janairu a Damagaram bai kama ƙafarsa ba. Ruwan wurin ko a tsakiyar zafinsu bai cika wuce digiri 4 ko 5 ba. Na ɗora rigar sanyin ɗiyata kan atamfa, na naɗe kai da mayafi biyu.

Mai bayani a jirgin ta faɗi dalilin da ya sa suke taruwa a nan. A ƙarƙashin kogin akwai wani kwari mai zurfin sama da mita 300 da ya taso tun daga teku, a gaban Tadusak sai ya ci karo da tudu, zurfin ya koma wajen mita 20. Idan ruwa ya yi tunkuɗo sai sanyin ƙasa ya taso sama da ƙananan kifaye da wasu mitsi-mitsin jatan lande da ba su kai ƴar fara ba. Wannan ne abincin ƙattin. Yawancinsu ba su da haƙori, wasu faifai ne jere a baki masu gashi-gashi, irin sinadarin farce, su kamfaci ruwa su tace kamar mai tace gasara. Tun 1998 aka keɓe yankin, da dokokinsa: ba a kusantar beluga ko shuɗin balen ƙasa da mita 400, in sun nufo ka ma kai za ka kauce.

Mun yi kusan awa ɗaya ba komai sai ruwa da hazo, wasu har sun fara amai. Ina jan carbi a cikin aljihun riga saboda yatsu sun ƙage. Can sai aka rage inji. Wani tururi ya tashi daga ruwa ya fi tsayin soro, sannan baya ya biyo, baƙi-baƙi, yana ta fitowa yana ta wucewa kamar ba zai ƙare ba, sai can daga baya ɗan ƙaramin tozo ya bayyana, ya nutse. An ce shi ne na biyu a girma a duniya, yakan kai mita 20. Subhanallah kawai nake maimaitawa. Daga baya muka samu wani mai dogayen hannaye, shi kuma in zai nutse sai ya ɗaga wutsiya sama, ruwa na zuba daga gefenta. Zanen fari da baƙi na ƙarƙashin wutsiyar kowanne daban ne, da shi masu bincike ke gane su ɗaya-ɗaya shekara da shekaru, kamar yadda aka ɗauki yatsuna kafin a ba ni biza.

Amma in za a tambaye ni, abin da ya fi shiga jikina ba a jirgin na same shi ba. Washegari da sassafe muka je wani bakin dutse da ake kira Kap-de-Bon-Dezir, kamar kilomita 25 gaba, kuɗin shiga kaɗan ne. Zama kawai ake yi a kan falalen dutse, zurfin ruwa na nan dab da ƙafarka. Ba inji, ba lasifika. Ina zaune da angona a cinya sai na ji "fuuu", numfashi mai nauyi, irin wanda mace ke saki in naƙuda ta lafa mata. Ƙaramin balen ne, wanda bai wuce mita 8 ko 9 ba, ya fito kusa har na ga ramin hancinsa biyu sun buɗe sun rufe. Iska ta kawo warin bakinsa, kamar bandar kifi da ta kwana a ruwa. Sau huɗu ya fito sannan ya tafi abinsa. Wanda ba shi da kuɗin jirgi, wannan dutsen ya ishe shi.

Da yammar ranar aka kai mu ganin beyar, wadda su ke kira urs, a wani daji bayan gari ta wajen Sakre-Ker. Kuɗin bai kai rabin na jirgi ba. Wata tsohuwar mota ta shiga da mu cikin itatuwa, aka zaunar da mu a rumfar katako mai tsawo, aka ce ba magana, ba cin abinci, a kashe ƙarar salula. Sauro da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suka yi mana rubdugu. Rana na gab da faɗuwa wata baƙar dabba ta fito daga duhuwa, jiki kamar na ɗan maraƙi mai ƙiba, tafiya a hankali, tana ɗaga hanci. Bayanta ƴaƴa biyu. Wani reshe ya karye can gefe, ta yi wani ɗan gurnani, kafin ƙiftawar ido yaran suna saman itace. Ita ta tsaya a gindin, ba ta taɓa abinci ba sai da ta gamsu.

A hanyar dawowa mai rakiyar ya ba ni labarin da na so a ce abokan aikina na nan. Barbararsu a Yuni ko Yuli ne, amma cikin ba ya kama mahaifa sai wajen Nuwamba, shi ma sai in uwar ta tara isasshen kitse, in ba haka ba ya bi ruwa. Shekara nawa na yi ina fahimtar da mata cewa cikin ɗan Adam ba ya kwanciya, cewa abin da ake kira kwantaccen ciki yawanci ɓari ne da ba a lura ba ko wata cuta da ke son likita, kuma har gobe haka zan faɗa. Ashe akwai halittar da Allah ya ba wa kwantaccen ciki na gaskiya. Tana shiga rami in sanyi ya kama, watanni ba ci ba sha ba fitsari, a cikin wannan hali take haihuwa a Janairu ko Fabrairu, jaririn bai kai rabin kilo ba, ya lallaɓa ya kama nono.

Duk da haka ban fito daga dajin da sakakkiyar zuciya ba. Kafin mu zauna na ga an zuba wani abu a bayan kututture, abincin ne ya kawo ta, ba sa'armu ba. Na tambaya, ya ce kaɗan ake sawa, kuma wurin nesa yake da gidaje. Na ji, amma shi da bakinsa ya ce dabbar da ta saba samun abinci a hannun mutane takan fara shiga gari, ƙarshenta harbi. Tun muna yara muke ganin gardawa na yawo da kura a kasuwar Dole, takunkumi a baki, sarƙa a wuya. Wannan ba ta kai can ba, ba sarƙa, in ta ga dama ba za ta zo ba, amma balen da ba wanda ya kira shi ya fi kwanta mini. Surukina ya ce a ɗaya gefen ƙasar, bakin tekun Pasifik, daga cikin kwale-kwale ake kallonsu in ruwa ya janye, suna birkita duwatsu suna neman ƙaguwa da kansu.

Na dawo a farkon Oktoba. Kar ɗinmu ta makara wajen tashi daga Yamai, shi ya sa gari ya waye mana kafin Kure. Na fi sau hamsin ina bin wurin nan, ina ganin allon raƙumin dawa a bakin hanya, ban taɓa sauka ba. Su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma, a 1996 ba su wuce 50 ba, aka tsare su har suka haura 600, kuma tun harin da ƴan bindiga suka kai wurin a Agustan 2020 baƙi suka ɗauke ƙafa, masu rakiya suka rasa abin yi. Wannan karon na roƙi yaron da ke gefen taga muka yi musanyar kujera. Bayan gonakin gero da aka fara girbe wa na hango uku a tsaye cikin sabara, ɗaya ƙarami, kansa bai wuce kafaɗar uwar ba. Na taɓa matar da ke kusa da ni na nuna mata, ta leƙa, ta ce ita ma ba ta taɓa ganinsu ba, ƴar Doso ce kuwa.

Mun iso Damagaram sha ɗayan dare. Famfo kwana huɗu bai kawo ba, maƙwabciyata ta aiko mini da jarka biyu.